An gano rai a K2-18b, ko kuwa an yi azarɓaɓi?

Mai Duban Sama: Jama'a, ni a wurina magana ta ƙare, akwai rai a wata duniya. A watan Afrilun 2025 Farfesa Nikku Madhusudhan na Jami'ar Kambirij da abokan aikinsa sun ce na'urar hangen nesa ta James Webb ta gano alamar wata iska mai suna DMS a sararin K2-18b, wata duniya mai kewaya wani tauraro da ba rana ba. A nan duniyarmu ƙananan halittun teku ne suka fi fitar da ita, tana ma cikin abin da ke ba bakin teku warinsa. Ruwa ba ya tsami banza.

Malamin Kimiyya: Sannu da ƙoƙari, ƙanena, amma su kansu masu binciken ba su ce sun gano rai ba. Ka tuna ba wanda ya ga K2-18b da ido. Haske ma sai ya yi shekara 124 yana tafiya kafin ya iso mana daga can. Abin da ake yi shi ne a jira ta gifta ta gaban tauraronta, kamar yadda take yi kowane kwana 33, sai ɗan hasken tauraron ya ratsa iskar da ke lulluɓe da ita. Kowace iska tana shanye nata launin. Daga giɓin da aka samu ake ƙiyasta abin da ke wurin.

Ɗalibar Kemistiri: Malam, na zauna da zanen sakamakon nan har dare. 'Yan ɗige-ɗige ne, kowanne da dogon sanda sama da ƙasa mai nuna iyakar kuskure, an ja layi mai lanƙwasa ta tsakaninsu. Da na rufe layin da takarda na bar ɗigon kawai, wallahi ban iya cewa ga inda DMS take ba. Abin ya taɓa ni, domin ina matuƙar son ya zama gaskiya.

Mai Duban Sama: To ai su ba da ido suke aunawa ba, ƙanwata, da lissafi ne.

Ɗalibar Kemistiri: Haka ne, Yaya, kuma lissafin nasu ya tsaya a sigma 3, wato akwai yiwuwar kusan uku cikin dubu cewa dace ne kawai. Kafin a kira abu ganowa ana neman sigma 5, ƙasa da ɗaya cikin miliyan. Wasu masana sun sake bin bayanan nan suka ce wasu iskokin ma za su iya ba da irin wannan alama. Sannan an samu DMS a bayanan da kumbon Rosetta ya tattaro daga tauraruwa mai wutsiya 67P, inda ba teku ba halitta.

Dattijon Zaure: Yarana, ni na ga irin wannan murna. A 1996 aka ce an ga burbushin ƙwayoyin halitta a cikin wani dutse da ya faɗo daga duniyar Mas, ALH84001, wanda aka tsinta a Antatika a 1984. Har Shugaba Clinton na Amurka ya fito ya yi jawabi. Daga baya aka nuna cewa ma'adinai kaɗai na iya yin irin waɗannan siffofi. A 2020 kuma aka ce ga iskar fosfin, wadda aka yi zaton alamar rai ce, a gajimaren Zara matar wata, har yau ana jayayya a kai.

Mai Duban Sama: Baba, kenan kullum a'a za a riƙa cewa? An tabbatar da duniyoyi sama da 5,000 masu kewaya wasu taurari. A ce duk kufai ne?

Malamin Kimiyya: Ba wanda ya ce kufai ne. Ni ma zuciyata ta fi karkata ga cewa akwai rai a wani wuri, musamman da na san akwai halittu a ƙasan teku kusa da maɓuɓɓugan ruwan zafi, inda rana ba ta kaiwa. Amma “zai yiwu” daban, “an gano” daban. K2-18b ta ninka duniyarmu kusan sau biyu da rabi a faɗi, kuma ko batun cewa tana da teku ba a daidaita ba: wasu na cewa ruwa ne, wasu na cewa narkakken dutse ne a ƙarƙashin iska mai kauri.

Mai Duban Sama: Na janye “an gano”, Malam, amma ban janye K2-18b ba. Iskar mitan (methane) da iskar kabon da aka gani a sararinta a 2023 suna nan daram. Ƙanwata, turo min zanen nan, ni ma in rufe layin in duba da kaina.