Don Allah a taimaka, me za a ce wa gingerbread da Hausa? Gobe ƙarfe 10 zan shiga studiyo

'Yar Rediyo: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da yamma. Don Allah ina cikin wani hali. Gobe ƙarfe 10 na safe za mu naɗi shirinmu na ƙarshen shekara wanda muke kawo yadda ake bukukuwa a wasu ƙasashe, to an miƙo min muryar wata dattijuwa Ba'amurkiya in fassara, minti 3 ne kacal, tana ba da labarin abin da take gasa wa jikokinta in Kirsimeti ya zo. Sunan abin wai soft gingerbread cookies. Komai na fassara amma wannan sunan ya tsaya min a wuya tun azahar, kuma sau 7 ta faɗe shi, na ƙirga. Abin da take haɗawa shi ne fulawa, bota, ƙwai, jan sukari, garin citta, kirfa, kanumfari da wani baƙin ruwan rake mai kauri da suke ce wa molasses, shi ma ban san yadda zan yi da shi ba. Ta kwaɓa ta sa a firij awa 2, ta murza da ɗan kauri, ta yanka siffar 'yan mutane da taurari, ta gasa minti 8 zuwa 10 a wuta 350 a ma'auninsu, namu wajen 180 ke nan, ta ce sirrin laushin shi ne a cire tun tsakiyar ba ta gama ƙarfi ba. Ni dai na rubuta "burodin citta" da fensir amma raina bai kwanta ba.

Ɗan Makaranta: Anti ki ce kukis ɗin citta mana ki huta

Hajiya Mai Gara: Wa alaikumussalam. Burodi kam a'a 'yata, ko yis babu a ciki fa. Kika ce burodi duk mai sauraro zai hango wanda ake yankawa a tebur ɗin mai shayi. Ni da na ji bayaninki gireba ce ta faɗo min. Girebar citta.

Malam Mai Ƙamus: Burodin citta kuskure ne tun daga tushe, kuma kuskuren ba naki ba ne, na Turawan ne. Asalin kalmar daga tsohon Faransanci ta shiga Ingilishi, gingembras, ma'anarta citta da aka adana cikin sukari, babu burodi ko kusa. Kunnen mutanen Ingila ne ya ji ƙarshen kalmar kamar sunan burodi a bakinsu sai suka mai da ita haka. To mu don me za mu ɗauko tuntuɓen wani mu sake yin sa da Hausa? Kukis kuwa ban ma san me zan ce ba. Ki faɗe shi da ƙarfi a rediyo ki ji, "ku ƙi" za a ji, ke ce kina tallar abu kina cewa a ƙi shi.

Ɗan Makaranta: Hhhh Malam ai kullum wayata sai ta ce in amince da kukis, ban taɓa ƙi ba kuma ban taɓa ɗanɗanawa ba

'Yar Rediyo: To burodi ya fita, kukis ya fita. Hajiya girebar citta ta yi min daɗi a baki wallahi. Molasses ɗin fa?

Hajiya Mai Gara: Wannan mai sauƙi ne, narkakkiyar mazarƙwaila za ki ce. Ba ita ce sak ba, nasu ragowar ruwan da ke fita ne in an cire sukari daga ruwan rake shi ya sa yake da ɗan ɗaci-ɗaci, amma launi da ƙamshi duk gida ɗaya ne, ni in girki ya nemi shi mazarƙwaila nake narkawa da ruwa kaɗan kuma ba wanda ya taɓa dawo min da kaya.

Malam Mai Ƙamus: Maɗin rake ya fi gajarta.

'Yar Rediyo: Na ɗauki maɗin rake, sau ɗaya ta ambace shi dama. Saura babban.

Baƙon Jamus: Sannunku. Hajiya ki yi haƙuri amma gireba ba za ta yi ba. Shekarata 6 a nan kusa da Nurembag, garin da ya yi suna da nasu irin, Lebkuchen suke ce masa, daga ƙarshen Nuwamba in an buɗe kasuwar Kirsimeti a dandalin tsakiyar gari ƙamshinsa ne ke tarbarka tun kafin ka ga rumfunan. Abin yana da danƙo, in ka gutsura yana lanƙwasa ne kafin ya rabu, gireba kuwa kana sa ta a baki ta ruguje ta zama gari. Nasu ma da zuma ake yi ba maɗin rake ba, tun ƙarni na 14 ake yinsa a garin saboda dajin da ke kewaye da su akwai masu kiwon zuma sosai ga kuma fataken kayan ƙamshi suna ratsawa. Mafi tsadar ciki wanda suke ce wa Elisen yana da gyaɗar Turai niƙaƙƙiya irin su almon sosai, fulawar ciki ba a yarda ta wuce kashi 10 cikin 100 ba. Kuma abin da zai ba ku mamaki, a wasu yankunan Jamus sunansa Pfefferkuchen, wato kek ɗin masoro, alhali sau da yawa babu masoro a ciki, a da can duk wani kayan ƙamshi da ya zo daga nesa masoro suke ce masa.

Hajiya Mai Gara: To ɗana ai ba na Jamus aka tambaya ba, na Amurka ne. Amma maganar danƙo gaskiyarka ce, tunda akwai ƙwai da bota da maɗi dole ya yi danƙo, girebarmu fulawa ce da sukari da mai sai riɗi a sama, a danna a ludayi a kife a tire. Na janye rabi.

Malam Mai Ƙamus: Tunda kowa ya kawo ya kasa, ga nawa, kuma na daɗe da shi a littafina ina jiran ranarsa. CITTAKI. Citta da alkaki aka haɗa. Gajere ne, gaɓa 3, yana karɓar jam'i ba gardama, cittaki ɗaya cittakai da yawa, mace ta ce na gasa cittaki, yaro ya ce Umma a ba ni cittaki. Alkaki shi ne sarkin kayan zaƙinmu mai danƙo da ake tsomawa a zuma ko ruwan sukari, kun ga danƙon da Baƙon Jamus ke nema yana nan ciki.

Ɗan Makaranta: Malam cittaki kamar sunan ƙauyen da mota ke lalacewa a hanyar Birnin Gwari

Ta Damagaram: Ni kuma kamar maganin basir ɗin da ake talla da lasifika ran kasuwa. Malam a gafarce ni. Mu nan gato za mu ce kowa ya gane, gaton citta. Faransawa suna da nasu pain d'épices, wato burodin kayan ƙamshi, da zuma da garin wani hatsi nasu ake yi, garin Dijon ya shahara da shi, amma shi kamar kek yake ana yankawa ba 'yan ƙanana ba.

Malam Mai Ƙamus: Gato Faransanci ne Hajiya, ba Hausa ba.

Ta Damagaram: To biskit da kek da bota da firij da ke cikin tambayar tun farko yaren wa ne? Naku in kun aro daga Ingilishi ya zama Hausa, namu in mun aro daga Faransanci sai a ce ba Hausa ba. Wannan abin ya daɗe yana ci min rai wallahi, duk shirin da za a yi sai a yi shi kamar Hausa ta ƙare a iyakar Najeriya, mu da ke Damagaram da Maraɗi da Tawa sai dai mu yi ta fassara Hausa zuwa Hausa a kanmu, ku ce makaranta mu ce lakwal a yi mana dariya.

Malam Mai Ƙamus: Ai ni biskit ɗin ma ban yarda da shi ba, shi ya sa na kawo cittaki. Harshen da ya ce jirgin sama, ya ce yanar gizo, ya ce na'ura mai ƙwaƙwalwa, shi ne zai kasa raɗa wa ɗan abin gashi suna? Lalaci ne kawai irin na 'yan jaridar yanzu, su ɗauko kalmar Bature su sa mata hula su ce ta zama tamu.

Baƙon Jamus: Ranka ya daɗe da girmamawa, alkakin da ka jingina da shi daga Larabci ya zo, al-ka'ak. Gireba ma haka, Larabawa suna da ita guraiba. Kirfa, kanumfari, sukari, duk baƙi ne da suka kwana biyu har aka manta ranar zuwansu. A cikin kwanon matar nan citta da ƙwai ne kaɗai 'yan gida. Sannan na'ura mai ƙwaƙwalwa yaushe rabon da ka ji wani ya faɗa a kasuwar waya ta Farm Centre? Kwamfuta kowa ke cewa.

Malam Mai Ƙamus: Aron da ya shekara ɗaruruwa yana goguwa a bakin kakanninmu daban, wanda aka kwaso jiya a Facebook daban. Kuma mazaunin Jamus ba shi zai koya min asalin alkaki ba, ina karantar da wannan tun kafin a yi maka fasfo.

Baƙon Jamus: Allah ya huci zuciyar Malam, ban faɗa don raini ba.

Ɗan Kafanchan: Na shigo a makare na tarar ana yaƙi. Ku bari in sa baki tunda mu ne masu yin Kirsimetin da Hausa, kuma mu ne masu noma cittar, Kachia, Jaba, Kagarko, daga nan tireloli ke ɗibarta. Amma ba na jin akwai gidan da ake gasa wannan abu a unguwarmu, mu cincin ne da shinkafa da miya da naman akuya a kai wa maƙwabta. Saboda haka ko a wurinmu baƙon abu ne, dole sai an yi bayani ko wane suna aka sa. Kakata in ta ji biskit ta san ɗan abu ne mai zaƙi da ake gasawa, in ta ji cittaki za ta ce wane ne ya rasu. 'Yar'uwa ki ce biskit ɗin citta mai laushi. Kuma roƙo ɗaya, ki ce Kirsimeti kai tsaye kar ki tsaya kewaye-kewayen "bukukuwan hunturu", muna sauraron tashoshin nan mu ma.

'Yar Rediyo: Yaya Kirsimeti na rubuta dama, haka matar ta faɗa. Jama'a don Allah ƙarfe 11 saura, ni ban ci abincin dare ba, kuma ba zan iya faɗin "biskit ɗin citta mai laushi" sau 7 cikin minti 3 ba, muryata za ta wuce ta matar, mai haɗa sauti zai kashe ni.

Hajiya Mai Gara: To wa ya ce sai kin faɗa duka kowane lokaci? Na farko ki faɗe shi cikakke ki ɗora da cewa ɗan'uwan girebarmu ne sai dai shi yana da danƙo da ƙamshin citta da kirfa, sauran ki ce biskit ɗin kawai, wani wurin ma "shi" ya isa. Masu siffar mutane kuma ki ce 'yan mutum-mutumi.

Ta Damagaram: In za a ce gireba a bayani to a sa gato ma sau ɗaya mana, mu ma a san da mu.

Malam Mai Ƙamus: Biskit abu ne mai ƙaras-ƙaras, sunansa ma daga "gashi biyu" ya samo asali don ya bushe ƙarau. Biskit mai laushi kamar a ce busasshen ruwa ne. Amma ku yi yadda kuka ga dama, ni dai na faɗa.

Ɗan Makaranta: Malam biskit ɗin da ya kwana a buɗe lokacin damina fa

'Yar Rediyo: Na dawo, an naɗa alhamdulillah. Na bi shawarar Hajiya da Yaya na Kafanchan, biskit ɗin citta mai laushi sau 2, biskit ɗin sau 3, sauran biyun na haɗiye su. Maɗin rake ya shiga Malam, har editanmu ya tambaye ni inda na samo shi. Anti ta Damagaram wallahi na sa "wanda a Nijar za a ce gato" amma an yanke shi tare da rabin bayanin girebar saboda mun haura da daƙiƙa 12, ki yi haƙuri. Cittaki na gwada shi a studiyo kafin a kunna, mai haɗa sauti ya cire abin kunnensa ya ce me kika ce.

Ta Damagaram: Dama na san namu ne za a fara yankewa.

Malam Mai Ƙamus: Maɗin rake dai ya tsira, to madalla. Cittaki yana nan a littafina shafi na 41, jirgin sama ma ba rana ɗaya aka saba da shi ba.

Hajiya Mai Gara: 'Yata ki turo min awon da matar ta faɗa ta akwatin saƙo, kofi nawa na fulawa cokali nawa na citta, ina da gara ranar Asabar ina so in gwada tire ɗaya in ga ko dangin ango za su ci.