Neman izinin yanka gonar gado don gina gidaje a gefen garin Wudil

Ɗan Gefen Kogi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ƙasa da tsarin gine-gine a Jihar Kano. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gona mai faɗin kimanin hekta 2 a gefen garin Wudil, ba nisa da titin Kano zuwa Maiduguri. Muna yara gero da wake ake nomawa a cikinta, amma yanzu gari ya cim mata, domin tsakanin jami'ar kimiyya da fasaha, da makarantar horar da 'yan sanda, da kasuwar shanu ta ranar Juma'a, masu neman gidan haya sun yi yawa. Mu magada maza biyar ne da mata huɗu, sai mahaifiyarmu. Gonar ba ta da wata takarda, illa dai dagaci da maƙwabta sun san tun kakanmu a hannunmu take.

Dillalai sun matsa mana da cewa a yi awon igiya, a fitar da fuloti fiye da 60 a sayar kafin damina. Ni kuma na fi son a bi hanyar hukuma, a sami izini, mu gina gidaje kaɗan na haya mu sayar da ragowar. Daga wane ofishi ake farawa, kuma wace takarda ce ke gaban wata?

Baristan Kantin Kwari ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya jiƙan Baba. Tun kafin a kai ga izinin gini akwai tambayar da ya kamata a amsa, wato matsayin gonar a idon doka. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta kuma ba shi ikon ayyana yankin da ya zama birni. Idan wurin yana cikin yankin da aka ayyana, gwamna ne ke ba da haƙƙin mallaka. Idan kuma yana wajensa, ƙaramar hukuma tana iya ba da haƙƙin mallaka na gargajiya, ko da yake gwamna yana da ikon ba da nasa a ko'ina. Saboda haka kada ku ɗauka cewa don ana noma a wuri ya zama ƙauye a rubuce. Ku je ma'aikatar ƙasa ta jiha a duba muku taswira, a gaya muku ko wurin ya shiga yankin birni, ko kuma gwamnati ta riga ta sa shi cikin wani tsari nata.

Abin da dillalai ba za su gaya muku ba shi ne sashe na 36 na wannan doka. Sashen ya shafi gonakin da ke wajen birni waɗanda suke hannun mutane tun kafin dokar ta fara aiki, kamar taku idan taswira ta nuna tana wajen birni. Ya bar wa manomi gonarsa ya ci gaba da nomanta, amma ƙaramin sashe na 5 ya hana a yanka ta fuloti-fuloti ko a miƙa ta ga wani, sannan na 6 ya ce takardar irin wannan ciniki ba ta da amfani. Gaskiya ne kullum ana karya wannan tanadi, kuma da wuya ka ji an gurfanar da wani, amma ranar da rigima ta kai kotu, ko gwamnati ta buƙaci wurin, takardar da mai unguwa da shaidu uku suka sa wa hannu ba za ta tsaya wa mai saye yadda yake tsammani ba. Ko diyyar da sashe na 29 ya tanada, ta abin da aka kafa ne a kan ƙasar, kamar gini da shuka da itatuwa masu amfani.

A ganina matakinku na farko ma ba a ofishin ƙasa yake ba. Ku je kotun shari'ar Musulunci a tabbatar da magada, a rubuta rabon ko kuma a rubuta cewa kun amince ku bar gonar a haɗe, tare da wakili ɗaya mai takardar wakilci. Babu ofishin da zai buɗe fayil da sunan mamaci, kuma magaji ɗaya da bai sa hannu ba ya isa ya tsayar da aikin shekara da shekaru.

Mai Awo ya amsa:

Na yarda da Barista a kan jerin matakan, zan ɗora daga inda ya tsaya. Bayan takardar kotu, sai ku ɗauki safiyo mai rajista ya auna gonar, ya kafa turakun siminti a kan iyaka a gaban maƙwabta da dagaci, ya fitar da taswira mai lambobin wuri. Da ita za a nemi takardar mallaka, a kuma nemi canza amfanin wurin daga noma zuwa mazauni. Daga nan masanin tsara birane zai zana yadda za a yanka filin, a miƙa wa hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, ta amince. Amincewa da yankan fili daban ne da izinin gini, domin kowane gida da za ku tayar sai an kai zanensa an buga masa hatimi. Mutane da yawa a nan suke tuntuɓe, suna zaton takarda ɗaya ta wadatar.

Yanzu ku yi lissafin fuloti 60 ɗin nan da kanku. Hekta 2 murabba'in mita 20,000 ne, fuloti mai ƙafa 50 da 100 kuma yana cin kusan mita 465. Ko da ba a bar hanya ko taku ɗaya ba, 43 za a samu. Idan aka cire tituna da magudanan ruwa da wurin masallaci, za ku tsaya a wajen 30 da ɗoriya. Wanda ya yi muku alkawarin 60 yana nufin ƙananan filaye da lunguna waɗanda motar kashe gobara ba za ta shiga ba, balle a sami inda za a ja lambatu. Irin unguwannin nan ne ake fitar da gawa a kafaɗa har bakin titi saboda mota ba ta da wurin juyawa.

Akwai abu biyu da nake so ku duba da idonku kafin ku kashe ko sisi. Na farko, idan gonar ta taɓa babban titin, akwai tazarar da doka ta keɓe wa hanyar tarayya, mita 45.72 daga tsakiyar titi ta kowane ɓangare, haka kuma ba a gini a ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki. Na biyu shi ne ruwa, kuma a Wudil wannan ya fi komai muhimmanci. Kogin Wudil yana ɗauko ruwan da ke saukowa daga madatsun Tiga da Challawa, kuma gonar da take bushe ƙayau a watan Maris tana iya zama tafki a watan Agusta. Ku zagaya ta bayan ruwan sama mai ƙarfi, ku duba inda ƙasa ta yi baƙi tana tsagewa da rani, ku tambayi tsofaffin da suka yi noma a wurin inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar ambaliya. Gero yana son jigawa, don haka idan akwai ɓangaren da Baba yake sa shinkafa ko rake, wannan ɓangaren ya riga ya gaya muku halinsa.

Hajiyar Gidan Gona ta amsa:

Ƙanena, ni ta wajen 'yan'uwanka mata zan yi magana. A lissafin gado mahaifiyarku tana da ɗaya bisa takwas, ragowar kuma a kasa shi 14, namiji biyu mace ɗaya. Da za a sami fuloti 32, ita tana da 4, kowane namiji 4, kowace mace 2. A takarda abin ya fita daidai, amma fulotin bakin titi da na cikin kwari ba kuɗinsu ɗaya ba. Lokacin da aka yanka gonar mahaifinmu a wani gari, mu mata muna gidajen aure aka aiko mana da lambobi, sai da damina ta sauka na je na tarar da nawa guda biyu agwagi suna wanka a ciki. Ku sa a yi wa kowane fuloti kuɗi kafin rabo, a kira kowa ya gani da idonsa. Idan kuma akwai fadama a gonar, ku bar ta a nomanta, domin lambun rani a kusa da kasuwa irin ta Wudil ba ya rasa mai saye.

Tsohon Dillali ya amsa:

Duk abin da aka faɗa gaskiya ne, sai dai kada a ɓoye wa yaron nan cewa hanyar hukuma tana cin kuɗi da lokaci. Akwai kuɗin awo, da na zane, da na buɗe fayil, da harajin ƙasa na shekara-shekara, ga zirga-zirga zuwa Kano, kuma a tsawon wannan lokaci magadan da ke da bukatar gaggawa za su riƙa ganin kamar shi ne ya tare musu abinci. Wannan matsin ne yake kai yawancin iyalai ga igiya, ba jahilci ba. Duk da haka ni na daina wannan ciniki tun ranar da na ga jan fenti a jikin katangar wani bawan Allah da na sayar wa fili, gini ya kai linta, ashe hanya ce ta ratsa ta tsakar gidansa. Har yau idan muka haɗu a masallaci sai na sunkuyar da kai. Shawarata ita ce wanda yake son kuɗinsa yanzu a cikinku, sauran su sayi kasonsa a rubuce a gaban alƙali, ai dama abokin tarayya shi ya fi cancanta da saye kafin bare.

Ɗan Gefen Kogi ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Maganar Mai Awo ta sa na kira mahaifiyarmu, ta kuwa tabbatar mini cewa a kusurwar kudu, wajen tsamiyar nan, shinkafa Baba yake sawa duk shekara. Mun tsayar da ranar Asabar za mu zauna mu goma, Litinin kuma in je kotu neman takardar magada. Barista, idan ɗaya daga cikin ƙannena mata tana aure a Maraɗi kuma ba za ta sami zuwa ba, shin takardar wakilci da ta sa wa hannu a can za ta karɓu, ko sai ta zo da kanta?