Neman shawara: zagayen bakin teku da mota a Zanzibar, kwana ɗaya zai isa?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Maigida zai halarci taro a Darussalam, ni da surukata Hajiya za mu bi shi, daga nan mu tsallaka Zanzibar mu kwana biyu. Wani ɗan jagora ya ce zai ɗauke mu da mota mu zagaye tsibirin ta bakin teku a wuni ɗaya: Nungwi, Paje, dajin Jozani, Kizimkazi, mu dawo Stone Town, tsohon birnin Zanzibar, kafin magariba. Maigida kuma yana ganin gara mu yi hayar mota ya tuƙa da kansa. Hajiya na fama da gwiwa. Don Allah waɗanda suka taɓa zuwa, me kuka gani?

Baban Amir: Wa alaikumus salam. Maman Ilham, hanyar da ta bi gaɓar teku ta zagaye Unguja, wato babban tsibirin Zanzibar, gaba ɗaya babu ita. Manyan titunan ta tsakiyar tsibirin suka ratsa, sai an kusa gari ake karyawa zuwa ga ruwa. Nungwi na can ƙuryar arewa, kusan kilomita 60 daga Stone Town, Kizimkazi kuma ƙarshen kudu. In kuka haɗa su rana ɗaya, bishiyoyin kwakwa kawai za ku sha kallo ta gilashi, Hajiya ta dawo ƙafa a kumbure. Ku raba: rana ɗaya kudu, rana ɗaya arewa.

Abu Sadiq: Ki ba maigida haƙuri ya bar batun tuƙin nan. Hannun hagu suke bi, sitiyari a dama, kuma baƙo sai ya karɓi takardar izinin tuƙi ta Zanzibar ko da yana da lasisinsa. Ga shingen 'yan sanda, ga 'yan daladala, wato motocin haya na gari, da ke tsayawa inda suka ga dama. Ku ɗauki direba ɗan gari, amma ku gama ciniki tun kafin a tada mota: kuɗin mai da na shiga Jozani suna ciki ko a'a, kuma awa nawa zai jira ku.

Anti Bilki: Ƙanwata, abin da ba a gaya wa mutane shi ne ruwan gabas yana tafiya ya dawo. A Paje da Jambiani teku kan janye har sai kin yi doguwar tafiya kafin ki taɓa shi, bayan kamar awa 6 ya sake cika, kuma kullum lokacin yana ƙara jinkiri da kusan minti 50. Ki sa ɗan jagoran ya duba jadawalin ranar kafin ya tsara muku tafiya. Ni dai janyewar ta fi burge ni, don a lokacin ne matan Jambiani ke shiga da zannuwansu, ruwa iya ƙwauri, suna ɗaure ciyawar teku a igiyoyin da suka kafa tsakanin turaku, wasu na jan buhunan da suka cika zuwa tudu su shanya. Noma sosai, a cikin teku. Sai dai kada a ɗaga musu waya ba a nemi izini ba, ba sa so.

Malam Na Zariya: Ranar kudu kada ku tsallake masallacin Kizimkazi Dimbani. Akwai rubutun Kufi, wani tsohon salon rubutun Larabci, a bangon alƙiblarsa mai ɗauke da shekara ta 500 bayan hijira, wato 1107, ko da yake an sake ginin daga baya. Sallah da abincin halal ba matsala ba ne, mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne. Otal-otal na bakin ruwa dai suna sayar da giya.

Baban Amir: Malam ya tuna min. Nungwi da Kendwa nan ne faɗuwar rana ta fi kyau, kuma a Nungwi za ku ga masassaƙa na haɗa jiragen katako da hannu. Amma Turawa sun cika wurin da shigarsu ta wanka, wataƙila Hajiya ba za ta sake ba.

Anti Bilki: Haba Baban Amir, ai ba dole sai sun zauna cikinsu ba. Su je wajen masassaƙan bayan la'asar, su kalli faɗuwar rana su juyo. Jozani kuma ba wuya, jajayen biran har bakin titi suke fitowa.

Abu Sadiq: Ku fara neman biza da wuri, ta 'yan Najeriya ba a bayarwa a filin jirgi, sai an tantance. Ku riƙe katin allurar rigakafin ciwon shawara. Tun Oktoban 2024 kuma baƙo na biyan inshorar dole ta Zanzibar, dala 44. Wane wata za ku je? Daga Maris zuwa Mayu ruwan sama ake tafkawa.

Maman Ilham: Yuli ne in sha Allah. Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na tura wa ɗan jagoran saƙo ya raba mana biyu, kudu ranar farko. Maigida ya haƙura da tuƙin da jin batun hannun hagu. Anti Bilki, kujerar naɗewa ta Hajiya fa, mu taho da ita?

Anti Bilki: Ki taho da ita, da takalmin roba mai tauri, duwatsun cikin ruwan na yanka ƙafa.