Sata ce ko bashi? Rigima kan kuɗin fanshon Baba

Ɗan Kurna: Wallahi yau raina a ɓace yake, bari in amayar ko na ji sanyi. Baba ya yi shekara 35 yana aiki a wata ma'aikatar gwamnati a nan Kano, shekara uku ke nan da yin ritaya, garatuti shiru. Jiya na raka shi, fayil ɗinsa a cikin baƙar leda, takardun albashin har sun yi ja don tsufa, kowace da layin da aka cire masa kashi 8 na fansho. Muka share benci tun hantsi har aka kira azahar, sannan wani ya leƙo ya ce wurin aikin nasa bai zuba kuɗin watanni da yawa a asusu ba, sai an karɓo. To wa zai karɓo? Ka yanki albashin mutum ka ƙi kaiwa inda aka ce ka kai, wannan ai sata ce tsagwaronta.

Malam na Gwale: Allah ya ba Baba lafiya. Amma ɗana, gyara kalma. Sata tana da sharuɗɗa a wurin malamai: a ɗauke abu a ɓoye daga ma'ajiyarsa, kuma ya kai nisabi. Wannan kuwa a hannunsu aka bar shi. Sunansa cin amana.

Maman Ikram: Malam da girmanka, tsoho na neman kuɗin maganin hawan jini, kai kuma ka buɗe mana karatun zaure?

Malam na Gwale: Hajiya, ba kare su nake ba. Cin amana ai alamar munafunci ce, kin ga ban rage musu komai ba.

Tsohon Akanta: Duk ku biyun kun kauce. Bashi ne. Na daɗe a ofishin kuɗi, na san yadda abin yake. Sau da yawa babu wani tsabar kuɗi da aka cire aka jibge a durowa. Ana sakin abin da zai shiga hannun ma'aikaci ne kawai, cirewar a takarda take, ragowar a rubuta "za a biya". A dokar fansho ta Kano ta 2006, ma'aikaci kashi 8 ne, gwamnati kashi 17. To ita 17 ɗin nan ita ce ke taruwa, wata ya bi wata, har ta zama dutse.

Ɗan Kurna: Alhaji, bashi ai sai mai kuɗi ya yarda ya ba ka. Yaushe aka tambayi Baba?

Malam na Gwale: Ko an kira shi bashin ma, hadisi ya ce jinkirin mai hali zalunci ne.

Tsohon Akanta: Mai hali fa ka ce, Malam. Ka taɓa ganin asusun ƙaramar hukuma bayan an biya malaman firamare?

Lauyan Unguwa: Ku daina wahalar da kanku, doka ta gama magana. Dokar fansho ta 2014 ta ba mai ɗaukar aiki kwana 7 na aiki bayan biyan albashi ya zuba kuɗin, in ya saɓa akwai tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 a kowane wata ba. PenCom, hukumar kula da fansho ta ƙasa, har wakilai take turawa su karɓo. Ku kai ƙara can.

Tsohon Akanta: Barista, waccan ta tarayya ce, ma'aikaci kashi 8, mai ɗaukar aiki kashi 10, kowa da asusunsa. Kano tukunya ɗaya ce a hannun amintattun asusun fansho na jiha. Kada ka tura tsoho Abuja a banza.

Lauyan Unguwa: Ni ban ce ni barista ba ne.

Na Hotoro: Tunda ana neman ɓarawo, a tambaya mana da kuɗin wa aka gina gidajen Amana da Kwankwasiyya da Bandirawo.

Jar Hula Dorayi: Gidaje dai ga su nan a tsaye, kowa na gani. Bashin garatuti na sama da biliyan 48 da aka tarar a 2023 fa, a wace unguwa aka gina shi? Gwamna Abba ya fara biya da biliyan 6 a ƙarshen shekarar, ku shekara takwas me kuka tsinana?

Na Hotoro: Ɗan fansho bulo zai ci?

Jar Hula Dorayi: Kai dai tun da aka hana ka kwangilar kwalbati ba ka huce ba.

Na Hotoro: Kawo shaida ko ka janye. Ni ba a yi min ƙazafi.

Maman Ikram: Ikon Allah. Giratuti ma ake cewa, ba garatuti ba, tunda yau ranar gyaran kalma ce.

Ɗan Kurna: Jama'a, ni tambayata ɗaya ce tun farko: wa zai tilasta wa ma'aikatar nan ta zuba kuɗin? Ƙungiyar 'yan fansho za mu je, ko kotun ma'aikata?

Jar Hula Dorayi: Ka fara faɗa mana a zamanin wa aka daina zubawa tukuna.

Shugaban Zaure: To ya isa haka, dare ya yi. Abin da na fahimta, mafi yawanmu sun gamsu da bayanin Alhaji Akanta cewa bashi ne, kuma mu da muke cikin aikin gwamnati mun san ba da gangan ake yi ba. Kalmar sata ta yi nauyi, a kiyaye harshe. Maganar gidaje kuwa ba ta da alaƙa da batun, Na Hotoro ne ya jawo ta, don haka na cire shi na kwana biyu. Ɗan Kurna, a gaida Baba, a ce ya ƙara haƙuri, kuma a yi wa takardun nan hoto kafin damina.

Maman Ikram: Mafi yawa su wa? Mutum ɗaya na ƙirga, sai kai.