In sayar da kabet ɗin jere ko in bar shi?

Maman 'yan biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ciki da falo muke haya a Kurna, mu biyar. Tun shigowar Rajab na ɗaura niyyar gama ramuwar azumina kafin Sha'aban ya fita, in kuma kintsa gidan nan don in samu karanta izu 2 kullum in sauke a Ramadan. Amma duk safiya wajen neman safa da hijabin yara lokacin ke ƙarewa. Kabet ɗin jerena ya cinye rabin falo, kwanukan ciki tun da aka kawo ni ba a ci abinci a cikinsu ba. In ba dillaliya shi, in sa kafinta ya buga min kanta? Dubu 40 gare ni na adashe, kuma mai gidan ya hana fasa bango.

Amaryar bana: Wa alaikumus salam Anti. Ki ware ɗaki guda ya zama sito kawai, ni haka na yi.

Maman 'yan biyu: Ƙanwata, ciki da falo na ce.

Uwargida daga Zariya: 'Yar uwa, ki ji tsoron Allah kada ki fitar da kayanki sai sabon ya shigo. Ni bara war haka na sayar da wadirof ɗina, na ɗauki kuɗin na ba wani kafinta rabi, ya ce sati biyu. Kayana na zuba a jakunkunan bakko na jera bayan ƙofa. Azumi ya zo ya wuce, kullum "gobe Hajiya, katako ne ya yi tsada". Da damina ta sauka na buɗe jakar ƙasa, leshin aurena ya yi funfuna, ɓera ya yi gida a cikin atamfar da mahaifiyata ta saya min. Ranar na yi kuka kamar an yi min mutuwa. Da na matsa, sai ya kawo abin da ƙofarsa ba ta rufuwa. Mahaifiyata kuwa har yau in ta zo sai ta kalli gurbin ta ce, "Wato abin da na yi shekaru ina tarawa ne kika ba dillaliya."

Malamar Islamiyya: Allah ya mayar miki da alheri. Maman 'yan biyu, ramuwa ba ta jiran a buga kanta. Nana A'isha ma a Sha'aban take rama nata. Ki fara da Litinin da Alhamis. Izu 60 ne, ki raba karatun bayan asuba da bayan la'asar, kayan makaranta kuma a haɗa su tun dare.

Maman Islam: Durowar roba mai hawa 5 za ki saya, kowane yaro da hawansa. Dubu 28 na saya a Ƙofar Wambai.

Hajiya mai shago: Dubu 28 a wace shekarar? Mai kauri ba ta kasa 45. Taki irin wadda wata uku hannun zai ɓalle ce.

Maman Islam: Hajiya, ke sayarwa kike yi, dole ki faɗi haka. Tawa tana nan lafiya.

Wani magidanci: Ku dai ku fitar da kwanukan nan. Na gidana har gaisawa muke yi da safe, sun girmi ɗan farina.

Hajiya mai shago: Malam, ku da kuke tara matattun caja da tsofaffin takalma a ƙarƙashin gado? Wanda bai taɓa shirya yaro makaranta ba ya bar mana maganar nan.

Amaryar bana: Ni ma kenan ba ni da ta cewa don ban haihu ba?

Uwargida daga Zariya: Ba haka ba ne ƙanwata. Ni dai masu sana'ar hannu ne suka ishe ni. Telan da na kai wa ɗinkin yara tun goman farko, daren Sallah ya miƙo min riga ba hannu ɗaya.

Maman Islam: Wallahi nawa yadin ma ya musanya min. Bana tun yanzu zan kai.

Hajiya mai shago: In kin kai da wuri ma ƙasan tebur yake jefawa, sai na masu tsayawa a kansa yake ɗinkawa.

Maman 'yan biyu: To kabet ɗin fa? Dillaliyar ta ce gobe bayan azahar za ta zo.

Uwargida daga Zariya: Nawa ta taya? Maman Islam, naki telan nawa yake karɓa a doguwar rigar yara?