Na haɗa sabuwar kwamfuta, fanka na juyawa amma allo baƙi ƙirin

Mai tambaya, daga Garwa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu ilimin kwamfuta ku taimaka min. Ina sana'ar haɗa bidiyon biki da suna a nan unguwar Yelwa, tsohuwar laftof ɗina ta gaji, shi ne na tara kuɗi na sayi kayan babbar kwamfuta na haɗa da kaina. Furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) Ryzen 5 5600, madabod (babban faifan da ake jona duk kayan a kansa) B450 sabo a kwali, ram guda biyu 8GB kowanne, katin hoto GTX 1660 Super na hannu, fawa (na'urar da ke raba wa kayan wuta) mai wat 550. In na danna maɓalli duk fankoki suna juyawa, har da na katin hoto, fitilu na ci, amma allo sai ya nuna babu sigina ya koma baƙi. Ba ƙara, ba warin ƙuna. Aikin bikin mutane na hannuna, uwar amarya har ta fara aiko yaro yana tambaya. Me ya mutu a ciki?

Mai gyaran kwamfuta, Marwa:
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, da wuya a ce wani abu ya mutu. Fara gaya min, wayar allon a ina ka soka ta? A bayan akwatin akwai ramukan sama na jikin madabod, kusa da na USB, akwai kuma na ƙasa waɗanda ke kwance, na katin hoto. Ryzen 5 5600 ba shi da hoto a cikinsa, ɗan'uwansa 5600G ne ke da shi. To in ka soka a na sama, ko shekara za ka yi kana jira ba abin da zai fito. Haka ma na Intel masu F a ƙarshe, irin su i5-12400F.

Mai tambaya:
A katin hoto take Malam. Allon nawa tsoho ne, tsohon ramin waya irin na VGA kawai gare shi, sai na sayi ɗan ƙaramin adafta na DVI zuwa VGA na haɗa.

Mai gyaran kwamfuta, Marwa:
To ga matsala ɗaya nan mun kama. Wannan adaftan ba ya canza komai, tsinkaye kawai yake haɗawa. Katunan Nvidia tun daga jerin GTX 1000 na 2016 sun daina fitar da siginar da VGA ke ci, DVI ɗin jikin naka DVI-D ne. Duba shi da kyau: gefen ɗan tsagin nan mai faɗi babu ƙananan ramuka huɗu. Abin da ke maka aiki shi ne adaftan HDMI zuwa VGA mai na'ura a ciki. Amma kafin ka kashe ko dala, ɗauki akwatin ka kai gaban talabijin na gida, ka haɗa da HDMI, ka zaɓi lambar HDMI ɗin daidai da rimot.

Wani ɗan Kusseri:
Cire ram ɗin ka goge haƙoransa da fetur, haka muke yi yana tashi nan take.

Malamar kwamfuta, Ngaundere:
Haba ƙanina, fetur a sabon ram? Me ya same shi da za a wanke shi? Mai tambaya kada ka yi. Ram ɗin da ya sha ƙurar hunturu shekara da shekaru shi ake gogewa, shi ma da roba ta goge fensir. Naka abin dubawa shi ne zamansa. Masu haɗin farko tsoron dannawa suke, sai gefe ɗaya ya shiga ɗayan yana sama kaɗan, ido ba ya gani. Danna shi har ka ji ƙas, maƙallin ya rufe da kansa. In ramukan huɗu ne, na biyu da na huɗu daga wajen furosesa ake sa wa, an rubuta A2 da B2 a jiki. Gwada da guda ɗaya a A2 tukuna. Kuma yanzu iska ta bushe, taɓa ƙarfen akwatin kafin ka kama kowane kaya, ka zare wayar wuta daga bango.

Mai tambaya:
Na gode Hajiya. Na kai talabijin, na sa ram ɗaya a A2, na ji ƙas ɗin. Har yanzu shiru. Amma na lura da wata 'yar fitila ja a gefen madabod, kusa da babbar waya, tana kunne ba ta mutuwa.

Injiniya, Njamena:
Yauwa, da wannan ya kamata a fara. Fitilun huɗu ne a jere, kowace da rubutunta: CPU, DRAM, VGA, BOOT. In ka kunna, madabod yana bin su ɗaya bayan ɗaya, inda ya maƙale nan fitilar ke tsayawa. Haska da tocilan waya ka karanta mana wacce ce.

Mai tambaya:
CPU ce yallaɓai. Inna lillahi. Furosesan ne ya ƙone ke nan? Shi ya fi cin kuɗina.

Injiniya, Njamena:
A'a, kada ka yi saurin yanke masa hukunci. Abu uku ke sa wannan fitilar ta tsaya. Na farko wayar wutar furosesa, mai rami 8, can sama ta hagu kusa da fankar baya. Mutane na sa babbar mai 24 su manta da ita, fankoki kuwa za su juya abinsu ko babu ita. Ka tabbata wadda aka rubuta CPU a kanta ce, mai rabuwa 4 da 4, ba ta katin hoto mai rabuwa 6 da 2 ba. Na biyu lanƙwasasshen tsinke a ƙasan furosesa. Na uku, kuma shi nake zargi, BIOS, wato 'yar manhajar cikin madabod da ke gane kayan ta tayar da kwamfuta.

B450 ya fito tun 2018, jerin Ryzen 5000 kuwa sai Nuwamba 2020 suka fara fitowa, naka 5600 ɗin ma 2022. Madabod ɗin da aka ƙera kafin nan bai san wannan furosesan ba sai an sabunta masa BIOS. Kayan da ke iso mana nan ta Duwala ko ta Mubi sau da yawa sun daɗe a sito, kwali sabo fil amma abin ciki tsohon zubi ne. Duba kwalin, in akwai tambarin da ke cewa ya shirya wa Ryzen 5000, to da wuya a ce nan matsalar take. In babu, duba bayan madabod wajen ramukan USB ko akwai ɗan ƙaramin maɓalli na sabunta BIOS.

Mai tambaya:
Wayar 8 tana ciki daram. Kwalin babu tambarin 5000. Maɓallin kuwa akwai shi, da rami ɗaya na USB da aka zagaye da farin layi.

Injiniya, Njamena:
Ka yi sa'a, da babu shi sai ka nemi aron tsohon furosesa irin Ryzen 5 2600 a wajen masu gyara, ka tayar da ita da shi ka sabunta BIOS ɗin. Yanzu samo filas ƙarami, 8GB ko 16GB, ka goge shi a tsarin FAT32. Shiga shafin kamfanin da ya ƙera madabod ɗin, nemo ainihin samfurinka harafi da harafi, don mai MAX ko V2 a ƙarshen suna fayil ɗinsa daban ne. Sauke BIOS na ƙarshe, ka warware shi daga zif, ka canza masa suna yadda littafin cikin kwali ya ce. Na MSI ana sa masa MSI.ROM, na Gigabyte GIGABYTE.bin. Ajiye shi a fili cikin filas, ba cikin folda ba. Kwamfuta a kashe, fawa a kunne, soka filas a ramin nan mai farin layi, danna maɓallin. Fitila za ta yi ta ƙyaftawa kamar minti biyar ko fiye. Kada ka taɓa komai har ta tsaya da kanta.

Mai gyaran kwamfuta, Marwa:
Ƙari a kan maganar Injiniya, kada ka yi shi da rana tsaka lokacin da wuta ke rawa. In kana da UPS, na'urar nan mai riƙe wuta in an ɗauke, ka sa, in babu ka bari sai dare ya yi ta zauna. In fitilar ta ƙyafta sau biyu uku ta tsaya, ba ta karanta filas ɗin ba ne, canza wani, tsofaffin USB 2.0 sun fi jituwa da wannan aikin. Kuma tunda ba a kai ga duba tsinkayen ƙasan furosesa ba, bar fankar furosesa a inda take. A irin mazaunin furosesa na madabod ɗinka, wato AM4, in ka fizge ta da sanyi tana iya tahowa da furosesan manne a jikinta.

Wani ɗan Kusseri:
Ni dai da laftof ka ƙara saya da ka huta da duk wannan.

Malamar kwamfuta, Ngaundere:
Laftof ɗin da za ta ɗauki bidiyon biki a zafin Garwa na watan Afrilu, nawa kake ganin kuɗinta?

Mai tambaya:
Alhamdu lillahi jama'a, ta tashi! Filas na farko ta ƙi shi, na biyu ta karɓa. Da na kunna, fitilar ta bar CPU ta wuce DRAM ta wuce VGA, sai ga tambarin madabod a talabijin. Na mayar da ram na biyu a B2, ta ga 16GB cif. Allah ya saka muku da alheri, Injiniya, Malam, Hajiya. Sai dai a BIOS ram ɗin yana nuna 2133, alhali 3200 aka rubuta a jikinsa.

Injiniya, Njamena:
Amin. Wannan ba matsala ba ce, haka irin wannan ram ɗin, DDR4, ke tashi a ƙaramin gudu sai ka kunna XMP a cikin BIOS, saitin da ke kai shi gudun da aka rubuta a jikinsa. Amma bari sai ka gama sa Windows ka miƙa wa uwar amarya bidiyonta. In ka kunna XMP ɗin sai allon ya sake yin baƙi, zare wuta, cire ɗan batirin CR2032 na jikin madabod na 'yan mintoci ka mayar, komai zai koma yadda yake.