Raba taragun ƙananan jiragen ƙasa na wasa da hannu

Masu wannan sha'awa a Amurka, musamman masu jiragen girman HO (1:87, wato an rage girman jirgin gaske sau 87), galibi sun yarda tsinken gora irin na tsire ya fi sauƙi wajen raba taragu masu maƙalar Kadee (ɗan ƙugiyar da ke haɗa tarago da tarago, ƙirar kamfanin Kadee). A ɗan matsa taragun kusa da juna don maƙalan su sassauta, a zura bakin tsinken tsakanin maƙalan daga sama, a murza kaɗan zuwa dama. Wasu na goga masa fensir don ya yi santsi, wasu na ɗaure masa ƙaramar tocila saboda lungu mai duhu, dabarar da ta fi burge ni. Maganaɗisu ma yana yi, sai dai yakan jawo taragu masu ƙafar ƙarfe. A girman N kuwa, wanda ya fi HO ƙanƙanta, mai nauyin hannu sai ya sauke tarago daga layi.